WALIMAR LITTAFI A KURA: Abin Da Idona Ya Gani A Taron Marubuta Mata

'Yan uwana mata, manya da ƙanana, musamman ku 'yan makaranta da kuke cusa littafin soyayya a tsakiyar littafin lissafi kuna karantawa alhali malam yana gaban allo. Kada ku musa, mu ma mun yi a zamaninmu, har an taɓa kama ni an sa ni sharar aji mako guda. To yau labarin da na zo muku da shi na masu rubuta irin waɗannan littattafan ne, da yadda suke idan sun taru su ya su.

A hunturun da ya wuce ne wata ƙanwata a harkar rubutu ta aiko mini da katin gayyata daga Kura. Da na ga katin na ɗauka biki ne ko suna, har na fara lissafin turmin atamfar da zan kai. Ashe walima ce ta kammala littafinta na farko, kuma ta gayyaci duk wata mace da ta san tana riƙe alƙalami a Kura da Bunkure da Garun Malam, da mu 'yan kaɗan daga cikin birni. Na yi mamaki ƙwarai, domin mu abin da muka saba gani shi ne a kama zaure a birni, a gayyato babban baƙo mai ƙaddamarwa ya sayi kwafi ɗaya da kuɗi masu kauri, a ci shinkafa a watse. Ita kuwa ta rubuta a ƙasan katin da biro cewa kowacce ta zo da abin da take rubutawa, ko da shafi biyu ne.

Na shiga mota da sassafe muka ɗauki hanyar Zariya. Duk wadda ba ta taɓa bin wannan hanya da rani ba, to ta yi ƙoƙari ta bi. Kina wuce gadar Tamburawa da kaɗan sai ki ga ƙasa ta sake launi. Ko'ina a Kano ya bushe, ƙura ta rufe itatuwa, amma nan alkama ce kore shar har iyakar ganinki, ga albasa, ga masara, ga kwandunan tumatir jere a bakin titi ana jiran motocin da za su kwasa zuwa Kudu. Ruwan da ya yi wannan aiki daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974. Yana biyowa ta Ruwan Kanya, ya shiga babban kanal, sannan ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har bakin gonar kowa. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi, kuma shirin farko an tsara shi ne ya shayar da wajen hekta 22,000. Ku riƙe wannan bayani, ba don jarrabawa na kawo shi ba, zai dawo a cikin labarinmu.

Amaryar littafi

Gidan da aka yi taron gidan masu turara shinkafa ne, irin gidajen da suka cika Kura. Tun daga zaure ƙamshin gumi zai tarye ki, ga manyan tukwane a kan murhu, ga shanya a kan tamfol, ga tulin ɓuntu a gefe. An share rabin tsakar gida an shimfiɗa tabarmi. Mu goma sha ne da 'yan kai, ban da yara masu leƙe ta katanga. Akwai matan aure, akwai zawarawa biyu, akwai ɗalibar kwalejin ilimi, akwai 'yan sakandare uku da suka maƙale a lungu ɗaya kamar an jiƙa kaji.

Mai walimar, wadda muka yi ta tsokana muna kira amaryar littafi, aji uku na sakandare aka cire ta aka yi mata aure. 'Ya'yanta huɗu. Da rana tana kan murhu tana turara shinkafar mutane ana biyanta lada, da dare idan yara sun yi barci sai ta jawo littafin rubutu mai shafi tamanin ta kunna fitilar waya. Shekara uku ta yi a haka. Kuɗin buga littafin kuwa adashi ta ɗauka, adashin da tun farko ta shiga don sayen gado. Da ta zo nan a labarinta sai ta yi dariya ta ce har yanzu a tsohon gadon take kwana, ƙafarsa ɗaya bulo ne ya tokare ta. Muka yi dariya, amma na lura da wasu suna share ido da gefen mayafi.

Wannan ya tuna mini da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita ma aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya ƙarama, daga baya ta koma karatun manya, ta zo ta rubuta Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Wannan na biyun har an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012. Kafin ita akwai Hajiya Hafsat Abdulwaheed da So Aljannar Duniya, wanda ya fito a 1980. Duk wata mace da ta zauna a kan tabarmar nan ta Kura, ta sani ko ba ta sani ba, a kan sawun waɗannan iyaye take tafiya.

Inda aka fara zufa

Bayan an ci funkaso da miyar taushe, funkason alkamar garin, sai wata dattijuwa daga cikin birni, wadda ta fara buga littafi tun ana sayar da su a Kasuwar Sabon Gari da bakin asibiti ana ba da haya a unguwanni, ta ce to a rufe kwanuka, amarya ta karanta mana babi na farko.

Ta karanta. Muryarta na rawa da farko, daga baya ta saki jiki. Hausarta mai daɗi ce wallahi, ta iya zancen masoya, ta iya sa mutum ya ƙagu ya ji abin da zai biyo baya. Tauraruwar labarin 'yar wani attajiri ce a Abuja, ɗakinta hawa na uku, motocinta biyu, saurayinta kuma matuƙin jirgin sama ne da ya yi karatu a Ingila. Da ta rufe littafin muka tafa, 'yan sakandaren nan har da guɗa ƙasa-ƙasa.

Dattijuwar ba ta tafa ba. Ta gyara zaman tabaranta ta ce, "'Yata, kin taɓa zuwa Abuja?"

Ta ce, "A'a Hajiya."

"Kin taɓa shiga jirgi?"

Ta girgiza kai. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai tafasar tukunya. Ni kaina na ji haushi a raina, na ce yau ranar farin cikin yarinya ce, wannan baiwar Allah ta bari mana a tashi lafiya. Amma da ta ci gaba da magana sai na gane inda ta dosa. Ta ce a shafi na shida an zuba wa tauraruwa abinci kala bakwai, amma marubuciyar ba ta iya faɗin ɗanɗanon ko ɗaya ba, domin ba ta taɓa ci ba. A shafi na tara kuwa, inda mai aikin gidan ta tuna ƙauyensu, ta tuna yadda mahaifinta ke fita da tsakar dare da fitila saboda layin ruwa ya zo kansa, yadda yake dawowa da asuba ƙafafunsa sun yi fari don sanyi, to a nan ne kawai ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ta ce wannan sakin layi ɗaya ya fi sauran babin duka, kuma dalili shi ne marubuciyar ta tsaya a bakin kanal ɗin da ƙafarta.

Daga nan fa magana ta ɓarke, kowa na son ta sa baki. Wata ta ce ai masu karatu ba sa son labarin talauci, wadda ta wuni a bakin murhu idan dare ya yi so take ta shiga gidan bene ko da a takarda ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba ni cikin masu zagin littafin da ya ba mace hutun sa'a biyu. Amma wata matashiya daga Bunkure ta kawo abin da ya rufe bakin kowa. Ta ce a tuna 2016, shekarar da tsutsar nan ta afka wa gonakin tumatir ta cinye su ƙurmus a Kadawa da kewaye. Ta ce a shekarar an ɗaga auren yayarta, domin saurayin duk abin da ya mallaka yana cikin gona, kuma kafin wata kaka wani mai sayen shinkafa ya shigo gidansu da mota. Ta ce, "Anti, in ba wannan ne labarin soyayya ba, to mene ne? Ga saurayi, ga budurwa, ga mai kuɗi, ga uwa mai kwaɗayi, har da mugu, sai dai shi mugun tsutsa ce." Aka kwashe da dariya. Amarya ba ta yi dariya ba, na ga ta jawo biro tana rubutu a bayan katin gayyata.

Kun ga amfanin taro ke nan. Shekara uku tana rubutu ita kaɗai, ƙawayenta na karantawa suna cewa ya yi daɗi. Babu wadda ta taɓa nuna mata shafi na tara.

Malamar da ta zo da gyale

Akwai wata mata a cikinmu da tun shigowata na lura da ita. Za ta kai shekara hamsin, ɗaurin kallabi da gyale a kafaɗa, Hausarta tsantsa irin ta ƙauyukan kudancin Kano. Da aka tashi sallar azahar sai ta zauna ta riƙe wa mutane jarirai. Ashe Kirista ce, Bahaushiya gaba da baya, malamar firamare a wani ƙauye ta wajen Bunkure, kuma ita ce ta koya wa amarya karatu a aji ɗaya. Ku da kuka tashi a cikin ganuwa wataƙila abin ya zo muku baƙo, amma a ƙauyukan wannan yanki akwai Hausawa Kiristoci da majami'unsu, gonarsu na jikin gonar maƙwabcinsu Musulmi, kanal ɗaya suke jira.

Da aka ce ta karanta nata sai ta yi ta noƙewa. Ta ce ita ba ta taɓa buga komai ba, gajerun labarai take rubutawa tana karanta wa 'yan Zumuntar Mata a majami'arsu, wani lokaci 'yan mata su mayar da shi wasan kwaikwayo a lokacin Kirsimati. Ɗaya daga cikin 'yan sakandaren nan, bakinta ya riga hankalinta, ta ce, "Mama, ashe ku ma kuna rubuta soyayya?" Uwar gida ta harare ta. Malama kuwa murmushi ta yi ta ce, "'Yata, mu ma ana auren mu, ana kuma sa mu kuka."

Labarin da ta karanta na wata yarinya ce da ta yi wa saurayi alkawari ya tafi aikin soja, shekara ta yi shekara babu wasiƙa, iyaye suka matsa, ita kuma tana tsoron karya alkawarin da ta ɗauka a gaban Allah. In ban da sunayen mutanen da wurin da yarinyar take zuwa ta yi addu'a, wallahi da sai in rantse daga ɗaya daga cikin littattafanmu aka ciro shi. Haƙuri ɗaya, biyayyar iyaye ɗaya, hawaye ɗaya.

Damuwarta ita ce ba ta da inda za ta kai. Ta ce shagunan littattafan Kirista cike suke da Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi da littattafan wa'azi, ƙagaggen labari kuwa in an samu da Turanci ne, daga waje. 'Yan kasuwar littattafan Hausa kuma tana jin nauyin tunkararsu. Sai dattijuwar nan mai tabarau ta tambaye ta ko ta karanta Jiki Magayi. Ta ce ta karanta a makaranta. Ta ce to wa ya rubuta? John Tafida ne, Kiristan Wusasa ta Zariya, shi da Baturen nan Rupert East. Yana cikin littattafai biyar na farko da suka fito bayan gasar 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, kuma a cikin biyar ɗin shi ne wanda aka gina a kan saurayi da budurwa da mai kuɗin da ya raba su. Ta ce saboda haka kada Malama ta ƙara zama a bakin tabarma kamar baƙuwa, da ɗan uwanta aka kafa gidan.

Ni kuma na ƙara mata da abin da na sani na wata ƙasa. A Amurka marubuta irinta ƙungiya gare su babba, ana kiranta ACFW. An kafa ta a shekara ta 2000, kuma abin da zai ba ku sha'awa, da farko ta marubutan soyayya ce zalla, sai a 2004 aka faɗaɗa ta ta ɗauki kowane irin ƙagaggen labari na Kirista. Suna taro duk shekara na 'yan kwanaki. Ana buɗewa da addu'a da waƙoƙin yabo, a shiga azuzuwan koyon rubutu, sannan a ba sabuwar marubuciya 'yan mintoci ta zauna gaba da gaba da editan kamfanin ɗab'i ta tallata labarinta. A daren ƙarshe a ci ado a yi liyafa a raba kyaututtuka: akwai ta littattafan da aka buga, wadda ake kira Carol, akwai kuma gasar Genesis ta waɗanda ba su taɓa buga komai ba. Kasuwar tasu ma mace ce ta buɗe ta, wata 'yar Kanada mai suna Janette Oke, da littafinta Love Comes Softly na 1979, shekara ɗaya kacal kafin So Aljannar Duniya. Kuma ƙa'idar da suke bi ba ta da nisa da wadda iyayenmu ke nema a wurinmu: a yi soyayya, amma a rufe ƙofar ɗaki, kada a kai mai karatu inda bai kamata ba. Malama ta riƙe baki ta ce ita da ta ɗauka ita kaɗai ce mahaukaciyar.

Dalilin da ya sa ake haɗa kai

Mu ma nan ba yau aka fara ba. A farkon shekarun 1990 babu mai karatun da bai san Raina Kama ba, ƙungiyar su Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da Ɗan'azumi Baba, da ita Hajiya Balaraba. Kina buɗe littafinsu za ki ga hoton 'yan ƙungiya da jerin littattafan juna, kowa na tallata ɗan uwansa, domin babu wani kamfani da ya tsaya musu. A lokacin wasu masana sun raina aikin, suka sa masa suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu shekara da shekaru. A 2007 kuwa abin ya wuce muhawara, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafai aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata, sannan hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano ta nemi marubuta su yi rajista. Wanda ke da ƙungiya a wannan lokaci ya sami inda zai jingina. Daga baya mata suka kafa nasu, irin su Kallabi da Mace Mutum, sannan a 2016 BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata zalla, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani. A 2022 kyautar har Maraɗi ta tafi, hannun Amira Souley.

Sai dai ina da jan kunne gare ku ƙannena, don na san yanzu yawancinku a waya kuke karatu, a waya kuke rubutu. Ba duk mai cewa taron marubuta ba ne marubuci. Idan wani ya biyo ki ta WhatsApp ya ce alƙalaminki ya burge shi, ki zo otal kaza a karrama ki, ki turo kuɗin rajista, to ki nuna wa mahaifiyarki saƙon kafin ki amsa. Kada ki tura wa kowa labarinki cikakke ba tare da kin ajiye na hannunki mai kwanan wata ba, an sha sauya wa labari suna a sayar. Masu ce miki sai kin zuba batsa za a saya, ki tambaye su ko za su yarda ƙanwarsu ta sa sunanta a kai. Taron Kura da rana aka yi shi, a tsakar gidan aure, da sanin maigida, kuma 'yan sakandaren nan uku kowacce da yayarta ko gwaggonta ta zo.

Da la'asar ta yi aka kawo zoɓo da alkaki, aka ɗora wa amarya mayafi a ka kamar ranar kai ta ɗaki, aka yi mata guɗa, kowa ta sayi kwafi ta sa mata hannu. Hannunta na karkarwa, sa hannun farko ma sai da ta ɓata. Dattijuwar da ta sa ta zufa ita ce ta sayi kwafi goma, ta ce za ta kai wa masu shago a birni da kanta. Aka yanke shawarar za a sake haɗuwa bayan an yanke alkama, wannan karon a Bunkure, kuma Malama ce za ta fara karatu.

Ina ɗaura mayafi zan fita sai na ji an ja gefen zanena. Yarinyar nan ce mai saurin baki. Ta zaro wani littafin rubutu daga cikin hijabinta, bangonsa ya yi laushi don ɓoyo, an rubuta Kimiyyar Noma a kai da manyan baƙaƙe. Ta ce, "Anti, don Allah ki duba mini, amma kada ki karanta a nan." Na ce a ina labarin ya faru? Ta sunkuyar da kai ta ce a Dubai. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta miƙo hannu ta karɓe abinta, ta ce in bari sai taron Bunkure, akwai abin da za ta gyara.